Shekara huɗu ana yi mata maganin damuwa, ashe ADHD (larurar rashin mayar da hankali da rashin natsuwa) ce a ƙasa: nazarin lamarin wata ma'aikaciya

Matar tana da shekara 36, tana aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, da aurenta da 'ya'ya biyu. An sakaya sunanta da duk abin da zai sa a gane ta. Likitan da ke duba ta ne ya tura ta wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam da 'yar gajeriyar takarda: ciwon damuwa da ya ƙi jin magani, fargaba, rashin barci. Cikin shekara huɗu ta sha maganin damuwa iri biyu, ta kuma taɓa yin zaman tattaunawa da wani ƙwararre, wanda ya rufe fayil ɗinta da cewa ba ta ba da haɗin kai.

Ranar farko ta iso a makare, da haƙurinta a baki tun daga bakin ƙofa, irin haƙurin da ke nuna mai shi ya saba ba da shi. Da aka tambaye ta abin da ke tafe da ita, sai ta ce: "Malama, ni fa ba baƙin ciki ne ke damuna ba. Gajiya na yi da kaina. Na san aikin, na san yadda ake yin sa, har wasu nake koya wa. In zauna in fara shi ne ya gagare ni."

Tarihinta

A makaranta ba ta taɓa zama yarinyar da ake kai ƙara ba. Shiru-shiru ce, tana zaune a aji amma hankalinta ya yi gaba. Takardun sakamakonta na firamare, waɗanda mahaifiyarta ta adana, kusan magana ɗaya suke maimaitawa: tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta mayar da hankali, tana yawan manta littafi. A gida sunan abin shiririta. A sakandare da jami'a ta gano dabarar da ta riƙe ta shekaru: ta bar karatu sai daren jarrabawa, tsoro ya kama ta, ta kwana a kan littafi, ta ci. Tunda sakamako na fitowa da kyau, babu wanda ya tambayi yadda aka yi.

A wurin aiki ma haka ta ci gaba. Ƙarshen wata, lokacin da kowa ke cikin matsi, shi ne lokacinta. Ta taɓa zama a kan wani lissafi tun safe har dare, ba ta tashi ba ko don cin abinci, ta gano kuskuren da ya shige wa mutum uku. Wannan ya sa aka ƙara mata girma, aka ba ta shugabancin ma'aikata huɗu, kuma daga nan komai ya fara warwarewa. A da wani ne ke yanka mata wa'adi ya tsaya a kanta. Yanzu ita ce mai yanka wa wasu, ita ce mai tsara aikin wata uku gaba, ga saƙonnin imel suna taruwa, ga haihuwa ta biyu da ta zo a shekarar. Ta kan buɗe fayil ɗin rahoto da safe, ta rubuta kansa, ta rufe kwamfuta da yamma ba a ƙara ko layi ɗaya ba, alhali ba ta huta ba ko na minti goma. A ƙasan teburinta akwai wata jaka da take tura duk ambulan ɗin da ta ji tsoron buɗewa.

Abin da ya karkato da hankalinta zuwa ga ADHD ba daga kanta ya fito ba. Ɗanta mai shekara 9 aka soma yi wa bincike bisa shawarar malamarsa, aka ba ta fom ta cike game da shi. Tana cikewa ta ga rabin tambayoyin ita suke kwatantawa. Wannan hanya ce da manya da yawa ke bi su iso ga ganewa, kuma ba abin mamaki ba ne: binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye ya nuna gado na da kaso 70 zuwa 80 cikin 100 a wannan larura.

Yadda aka tantance

An fara da ɗan gajeren gwajin nan na ASRS, wanda aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Tambayoyi 18 ne, shida na farko su ne na tacewa. Gwajin ba ya yanke hukunci, yana nuna dai ko akwai dalilin zurfafa bincike, kuma a nan akwai. Sai aka yi doguwar hira da ita bisa tsarin DIVA-5, wanda ke bin alamomin ɗaya bayan ɗaya, a yarinta da kuma yanzu, ana neman misali na zahiri ga kowace.

Ƙa'idar littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ita ce: wanda ya kai shekara 17 yana buƙatar alamomi biyar cikin tara a ɓangaren rashin mayar da hankali, ko biyar cikin tara a ɓangaren rashin natsuwa da gaggawa. Dole su kai wata shida, wasunsu sun bayyana kafin shekara 12, ana ganin su a wuri fiye da ɗaya, kuma suna ɓata rayuwa a zahiri. Matar ta cika takwas a ɓangaren farko, uku kacal a na biyu. Ba ta yawo a ɗaki ba ta katse mutane, amma ta ce cikin kanta ba ya taɓa yin shiru, ko a kan gado.

Sharaɗin shekara 12 ɗin nan shi ya sa aka nemi jin ta bakin mahaifiyarta, da izininta. Tsohuwar ta fara da kāre 'yarta, ta ce lafiyarta ƙalau, yarinya ce mai hankali. Da aka daina tambayar ko tana da matsala aka koma tambayar abin da ke faruwa in an aike ta, sai labari ya fito: a aike ta abu uku ta dawo da ɗaya, a sa ta aiki a dawo a same ta a tsaye da shi a hannu tana kallon wani wuri.

An kuma bi sauran abubuwan da kan yi kama da ADHD. Gwajin jini bai nuna ƙarancin jini ko matsalar tayirod ba. Babu alamar ɗaukewar numfashi a barci, babu shaye-shaye, babu tarihin kwanakin da mutum ke tashi sama da zumuɗi ba barci kamar yadda ake gani a larurar baifola. An duba batun galahanga, wato otizim, saboda hayaniyar ofis na gigita ta, kuma tun 2013 ƙa'ida ta yarda a samu mutum da larurorin biyu tare. Tarihin mu'amalarta da mutane bai tafi can ba, aka ajiye batun.

Damuwar gaske ce, ba a ce ƙarya take ba. Amma jerin abubuwan ya nuna wanda ya riga wani. Rashin mayar da hankalin ya girmi damuwar da fiye da shekara ashirin. Sannan ranar da ta samu ta kammala wani aiki da ya daɗe a wuyanta, fuskarta kan washe, ta yi dariya da yaranta, abin da ba kasafai ake gani ba ga wanda ciwon damuwa ne tushen matsalarsa. Ana ƙiyasta cewa kusan kaso 5 cikin 100 na yara da kusan 2.5 na manya na da ADHD, kuma mata irinta, masu shiru da ƙoƙari a aji, su ne aka fi tsallakewa, domin ba sa damun kowa sai kansu.

Abin da ya kashe zaman farko

Nan ne ya kamata a daɗe, domin kalmar "ba ta ba da haɗin kai" ta bi ta a fayil kamar tabo. Ƙwararren farko ya yi amfani da CBT, hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, a yadda ake yin ta ga mai ciwon damuwa. Ba laifi hanyar take da shi ba. Sai dai duba abin da ta nema daga matar: ta ɗauki takarda gida, ta tuna da ita a tsakiyar mako lokacin da ranta ya ɓaci, ta zauna ta cike gurabe biyar, ta ajiye ta inda za ta gan ta, ta tuna ta zo da ita. Kowane mataki a nan shi ne ainihin abin da larurar ke lalatawa. Takardar ta ɓace a mako na farko. A na biyu ta cike ta a mota kafin ta shiga, da abubuwan da ta ƙirƙira. A na huɗu kunya ta hana ta zuwa, ta ce yaro ba lafiya.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. A CBT ta damuwa, in mutum ya ce "na san zan kasa", ana tambayarsa hujjarsa, da fatan ya ga tunanin ya wuce gona da iri. Ita da aka tambaye ta, hujjar shekara talatin ta zube: wa'adin da ta saɓa, kuɗin tarar da ta biya, bikin ƙawar da ta manta. Tunaninta bai karkace ba, lissafi ne na mai lissafi. Abin da ya karkace shi ne fassarar da ta yi wa hujjar, cewa ita malalaciya ce mara kan gado. Wanda ya ce mata tunaninta ne kawai ya ƙara tabbatar mata cewa babu mai fahimtarta.

Russell Barkley, masanin Amurka da ya shafe shekaru a kan wannan larura, ya sha nanata cewa matsalar mai ADHD ba rashin sanin abin yi ba ce, aikata abin da ya sani a lokacin da ya dace ne ke gagararsa, don haka taimako sai an kai shi daidai wurin da aikin ke faruwa da lokacin da yake faruwa. A kan wannan aka gina duk abin da ya biyo baya.

Magani da zama

Likitan ƙwaƙwalwa ya fara ta da maganin ADHD mai suna methylphenidate mai sakin kansa a hankali cikin yini. Jagorar hukumar NICE ta Ingila ta 2018 ta sa shi da lisdexamfetamine a sahun farko ga manya, atomoxetine kuma ga wanda waɗannan ba su karɓe shi ba. Kafin a fara an auna hawan jininta da bugun zuciya da nauyi, an tambayi tarihin ciwon zuciya a danginta. Maganin damuwar da take sha ba a taɓa shi ba a lokacin, don kada a canza abu biyu tare a rasa wanda ya yi aiki. Cin abincinta ya ragu a makonnin farko, bakinta na bushewa, aka matso da lokacin shan maganin zuwa sassafe saboda barci.

Ta dawo tana murna cewa kanta ya yi shiru karo na farko. Mako ɗaya bayan nan ta dawo da wani labarin: ta zauna awa uku cur, hankali a tattare, tana gyara launukan wani tebur na lissafi da babu wanda ya nema, rahoton kuma yana nan yadda yake. Maganin ya ba ta ikon tsayawa a kan abu, bai zaɓa mata abin da za ta tsaya a kai ba.

Zaman tattaunawar ya bi tsarin da Steven Safren da abokan aikinsa suka gwada a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a mujallar JAMA a 2010. Manya 86 ne, dukkansu suna kan magani amma da sauran alamomi, kuma waɗanda suka yi zama 12 na CBT da aka tsara musamman don ADHD sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka koya wa sassauta jiki. Tsarin ya ƙunshi tsara aiki, rage ɗaukewar hankali, da gyaran tunani. Amma kafin a shiga ciki sai da aka gyara zaman kansa: rana ɗaya, lokaci ɗaya kowane mako, saƙon tuni da safe, abin da za a tattauna a rubuce a allo gabanta, kuma duk aikin gida a fara shi a ɗakin kafin ta tafi.

Ta zo da manhajoji shida na tsara lokaci a wayarta da littattafan rubutu uku, kowane an cike shafi huɗu an watsar. Aka rage su zuwa biyu: kalanda ɗaya a waya don duk abin da ke da lokaci, littafi ɗaya don jerin ayyuka. "Rahoton wata uku" ba a yarda ya shiga littafin a haka ba. Masaniyar ta yi ta tambayarta, "To, Malama, in kin zauna, hannunki me zai fara yi?" har aikin ya koma "buɗe rahoton bara, kwafo kanun sassansa". Dokar ita ce in ta ji tana jan ƙafa, to matakin ya yi girma, a ƙara yanka shi.

Batun lokaci ya ba ta mamaki fiye da komai. Ta rantse shirin fita da safe minti 15 yake ɗaukarta. Aka ce ta auna. Ya kai kusan 50. Ba ƙarya take yi ba duk shekarun nan da take cewa tana hanya, lokacin ne ba ta jin wucewarsa, shi ya sa kullum wankin hula ke kai ta dare. Aka sa agogon bango a inda idonta ke sauka, a ofis da gida. Aka kuma auna tsawon da take iya yi a kan aiki mai gundura kafin hankalinta ya tashi, ya zo minti 12. Sai ta riƙa saita ƙararrawa a haka, in wani tunani ya faɗo a tsakani, ko na kuɗin makaranta ko na kiran da ba ta mayar ba, ta rubuta shi a gefen takarda ta koma, sai ƙararrawa ta buga ta duba ko ya cancanci kulawa. Yawanci bai cancanta ba.

A zama na biyar aka ce ta zo da jakar nan. Ta ɗora ta a cinya ta riƙe baki da hannu biyu, ta yi ta magana a kan wani abu daban. Masaniyar ba ta ce komai ba, ta jawo kwandon shara ta ajiye tsakaninsu. Ambulan na farko talla ce. Na biyu ma. Na uku takardar tara ce da ta ninka saboda jinkiri, hannunta na rawa ta karanta ta, ta biya ta waya nan take. Cikin rabin awa jakar da ta hana ta barci kusan shekara ta zama tsibi uku: na zubarwa, na ajiyewa, da takardu huɗu masu buƙatar aiki. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Daga ranar ta gane cewa zaman wani kusa da ita, ko bai taimaka da komai ba, yana sa ta fara abin da ta kasa farawa ita kaɗai, ta shirya da wata abokiyar aikinta suna zama tare awa ɗaya ranar da za ta rubuta rahoto.

Abin da tsarin bai tanada ba shi ne fushi. Wajen zama na shida ta zo ba littafi ba komai, ta ce ba ta son maganar kalanda yau. Tana lissafa abin da ya wuce ta: karatun da ta so ƙarawa ta fasa, shekarun da ta yi tana zagin kanta a zuci. "Da an gane tun ina yarinya fa?" Masaniyar ta goge allon, aka yi zaman a kan wannan. A ganina daidai ta yi. Wanda aka gano larurarsa da girma yana da makokin da zai yi, kuma in aka tsallake shi don a cika jadawali, zai fito ta wata ƙofar, yawanci ta hanyar daina zuwa.

An gayyaci maigidanta sau ɗaya. Mutum ne mai haƙuri da ya zama agogonta ba da son ransa ba: shi ke tuna mata komai, ita kuma tana jin kowane tuni kamar tsawa. Aka yi yarjejeniya cewa tuni ya koma aikin waya, shi kuma su zauna minti 20 a ƙarshen mako su duba kalandar tare, in ban da haka ba zai tambaye ta "kin yi kaza?" ba sai ta nema. Ya ce wannan zai fi masa wuya fiye da yadda zai yi mata, kuma gaskiyarsa ne.

A mako na tara ƙaramar 'yarta ta kwanta rashin lafiya, komai ya rushe. Littafin ya ɓace, ta manta shan magani kwana biyu, ta tsallake zama biyu ba ta kira ba. A irin wannan gaɓar ce zamanta da ƙwararren farko ya mutu. Wannan karon saƙo ta samu: lokacinki yana nan ranar da kika sani, ki zo ko ba ki yi komai ba. Ta zo kanta a ƙasa. Maimakon a binciki dalilin rushewar, aka rubuta a kati ɗaya abin da za ta yi duk ranar da hakan ya sake faruwa, domin zai sake: sabon shafi, ayyuka uku kawai, kada ta koma cike kwanakin da suka wuce. Ta manna katin a bayan wayarta.

Ba kowane abu aka nemi gyarawa ba. Tunanin nan na bambancin ƙwaƙwalwa, wato cewa ƙwaƙwalwar mutane ta bambanta kuma ba kowane bambanci ne abin gyarawa ba, wanda ake dangantawa da Judy Singer 'yar Ostareliya a ƙarshen shekarun 1990, ya yi amfani a nan: an daina burin ta zauna a kujera awa takwas kamar kowa. Tana amsa waya tana zagaye, tana toshe kunne in za ta yi lissafi, tana neman a aiko mata umarni a rubuce. Amma da wata ƙawarta ta ce mata ADHD baiwa ce, ranta ya ɓaci, ta ce baiwar da ta sa ta biya tara ninki biyu a riƙe ta. Masaniyar ba ta yi gardama da ita ba.

Kada kuma a ɗora wa zaman abin da bai yi shi kaɗai ba. Wani babban bincike da aka yi a Jamus, wanda ya fito a 2015, ya samu cewa methylphenidate ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta, amma zaman rukuni da aka tsara bai fi ganin likita ana ba da shawara ba a babban ma'aunin binciken. A lamarin matar nan magani da zama tare suka tafi, babu yadda za a raba rabon kowanne.

Inda aka tsaya

Wata shida bayan zaman ƙarshe, rahotanni biyu sun fita a kan lokaci, na uku ya makara kwana biyu, ta kuma sanar da wuri maimakon ta ɓuya. Alamomin damuwar sun ragu har likita ya fara janye wancan maganin a hankali. Barci bai daidaita ba, har yanzu tana kaiwa tsakar dare a kan waya. Littafin ya ɓace sau biyu, ta sayi wani. Za a riƙa duba maganin ADHD ɗin aƙalla sau ɗaya a shekara, tare da hawan jini da nauyi.

Shugabanta bai san komai ba tukuna. Tana so ta nemi a ba ta wurin zama nesa da hayaniya da kuma ganawa ta minti goma kowane mako don a tsayar da wa'adi, amma tana tsoron kada daga ranar a riƙa kallon kowane kuskurenta da idon larura, a sashen da kuskure ɗaya ke nufin kuɗi. An rubuta buƙatun biyu ta yadda za ta iya gabatar da su ba tare da ambaton sunan larurar ba, aka sa batun a kan gaba a zaman bibiya na wata uku masu zuwa.